Zullumin Ciwon Daji Ga Mazan Da Suka Gaji Haɗarinsa

Cikin shekarar 1895, a garin Ann Arbor na ƙasar Amurka, wani likita mai binciken cututtuka a Jami'ar Michigan, Aldred Warthin, ya lura matar da ke yi masa ɗinki ba ta cikin walwala. Da ya tambaye ta dalili, sai ta ce ta sakankance ciwon daji ne zai yi ajalinta, domin shi ya ɗauke mutanen gidansu da yawa, waɗansu ta ciki ko hanji, waɗansu ta mahaifa. Abin da ta ji wa tsoro kuwa shi ya same ta, tun ba ta tsufa ba. Warthin ya bi salsalar gidan tun daga kakan da ya yiwo ƙaura daga Jamus, ya rubuta wanda ya kamu da wanda ya tsira, ya buga sakamakon a 1913, ya kira su "Iyalin G" don ya sakaya sunansu. Abin da ke bin gidan nan shi ne a yau a ke kira ciwon Lynch, da sunan Henry Lynch, likitan da ya farfaɗo da binciken irin waɗannan gidaje a 1966.

A gidan nan maza ma ciwon ya kashe su, ba mata kaɗai ba. Amma wadda ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta mace ce, haka kuma al'amarin ya ci gaba. Yawancin abin da aka rubuta game da halin da zuciya ke shiga idan mutum ya san ya gaji haɗarin ciwon daji, daga bakin mata aka ji shi. Wannan takarda a kan maza ta ke. Abin da za ta nuna shi ne, zullumin namiji a wannan al'amari ya fi abin da awo ya kan nuna, domin yana kwance ne a wurin da masu awo ba su cika dubawa ba. Sunayen da aka laƙaba wa abin kuma, a Turanci da Hausa, suna cikin abubuwan da ke rufe shi.

Abin da a ke gada

Tilas a fara da daidaita kalmomi, domin "ƙwayar halitta" da a ke ji a rediyo ana amfani da ita wajen abubuwa biyu daban. A nan za a ce "ƙwayar jiki" ga ƙanƙanen tubalin da aka gina tsoka da jini da ƙashi da shi, a ce "ƙwayar gado" ga umarnin da ke rubuce cikin kowace ƙwayar jiki, wanda ɗa ke karɓa daga iyayensa. Ƙwayoyin gadon nan wajen 20,000 ne, an jera su a kan zaruruwa 46 da a ke kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Watau kusan kowace ƙwayar gado mutum yana da ita guda biyu, ta wajen uwa da ta wajen uba.

Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun nan gaba ɗaya, mai kwafe rubutu kuwa ba ya rasa kuskure. Ban da wannan, zaren da rubutun ke kai ya kan tsinke. Saboda haka akwai waɗansu ƙwayoyin gado da ba su da aiki sai gyara, kamar ma'aikacin maɗaba'a mai duba shafi kafin a buga. Biyu daga cikinsu, BRCA1 da BRCA2, suna taimakawa wajen ɗinke zaren idan ya tsinke. Waɗansu huɗu, MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, su ke tsamo harafin da aka rubuta ba a gurbinsa ba, aibi a cikinsu shi ne ciwon Lynch. Wanda ya gaji aibi a ɗaya daga cikin waɗannan, an haife shi ke nan da mai duba shafi ɗaya maimakon biyu. Muddin ɗayan na aiki, lafiya lau. Amma in wata rana, cikin wata ƙwayar jiki guda, shi ma ya lalace, sai kurakurai su yi ta taruwa ba mai gyarawa, har ƙwayar ta shiga hayayyafa ba ƙaidi. Wannan shi ne ciwon daji. Ashe ke nan abin da a ke gada saukin kamuwa ne, ciwon kansa yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa.

Tun a 1866 likitan Faransa Paul Broca ya rubuta labarin dangin matarsa, waɗanda ciwon dajin nono ya bi zuriya bayan zuriya. Amma sai a 1990 Mary-Claire King, a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ta nuna cewa akwai ƙwayar gado guda a kuromosom na 17 da ke jawo wannan. A 1994 aka gano ita kanta BRCA1 a Utah, a 1995 kuma Michael Stratton da abokan aikinsa a Ingila suka gano BRCA2 a kuromosom na 13. Duka biyun ba su kan kuromosom ɗin da ke rarrabe namiji da mace. Don haka uba yana miƙa aibin kamar yadda uwa ke miƙa shi, ɗa yana karɓa kamar yadda 'ya ke karɓa, kowane yaro kuma rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. A Turai da Amurka an ƙiyasta mutum ɗaya cikin 300 zuwa 400 ke da aibin BRCA, cikin Yahudawan Ashkenazi kuwa ɗaya cikin 40. Rabin waɗannan mutane maza ne.

Haɗarin bai zama ɗaya ga jinsin biyu ba. Wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna cikin mata 100 masu aibin BRCA1, wajen 72 za su kamu da dajin nono kafin shekara 80, wajen 44 da dajin gidan ƙwai. Masu aibin BRCA2 kuwa 69 da 17. Na maza bai kai haka ba, amma ba abin rainawa ba ne. Dajin nono, wanda wajen namiji ɗaya cikin 1,000 ya ke kamawa a sauran jama'a, yana kama wajen 7 cikin 100 na masu aibin BRCA2, da wajen 1 cikin 100 na masu aibin BRCA1. Babban abin shi ne furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ƙiyasin masana ga mai aibin BRCA2 ya kama daga kashi 27 zuwa kashi 60 cikin 100, kuma dajin ya kan zo da wuri, ya kan yi saurin bazuwa. A 2016 Colin Pritchard da abokan aikinsa suka gwada maza 692 da dajin furostet ya bazu a jikinsu, suka tarar kashi 11.8 cikin 100 sun gaji aibi a ƙwayoyin gyara, BRCA2 ce kan gaba da kashi 5.3. Akwai kuma ƙarin haɗarin dajin fankiriyas. A ciwon Lynch kuwa, wajen rabin mazan da ke da aibin MLH1 ko MSH2 dajin babban hanji ya kan kama su.

Suna

Haruffan BRCA an yanko su ne daga kalmomin Turanci biyu masu ma'anar "dajin nono". Sunan da likitoci suka ba al'amarin gaba ɗaya kuwa ma'anarsa "dajin nono da gidan ƙwai na gado". Namijin da ya ji wannan suna, me zai sa ya ɗauka da shi a ke? A 2013, da 'yar wasan fim Angelina Jolie ta bayyana tana da aibin BRCA1, an cire mata nonuwa don rigakafi, mata masu neman gwaji suka ƙaru ƙwarai a ƙasashe da dama, sunan kuma ya daɗa mannewa da mata.

Akwai shaida mai ƙarfi a kan tasirin wannan. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna maza suna yin gwajin BRCA ne kashi ɗaya bisa goma na yadda mata ke yi. Amma wajen gwajin dajin hanji na gado ba a ga wannan rata tsakanin jinsin biyu ba. Lalle ba suna kaɗai ya jawo haka ba, tun da haɗarin mata a BRCA ya fi yawa, likitoci kuma sun fi tura su. Duk da haka ya kamata mai nazarin harshe ya lura: ciwon da aka raɗa wa sunan likita maza sun zo gwajinsa, wanda aka raɗa wa sunan gaɓar mace sun noƙe. Pritchard ya ga haka, shi ya sa a 2019 ya rubuta a mujallar Nature yana ba da shawara a sake wa abin suna a ce "ciwon King", don girmama Mary-Claire King, don kuma a raba shi da jinsi. A shekarar nan dai Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiya Beyoncé, ya bayyana cewa ya kamu da dajin nono kuma yana da aibin BRCA2. Alamar farko ɗigon jini ce a rigarsa. Daga baya ya riƙa kiran ciwon nasa "dajin ƙirji", yana ganin sunan zai fi sauƙin fita daga bakin maza. Likita zai iya musun dacewar wannan suna, domin ƙirji ya ƙunshi huhu da zuciya, amma ba zai musa cewa mutumin ya san inda kunyar ta ke ba.

Abin da awo ya nuna, da abin da bai nuna ba

Masana halayyar ɗan Adam suna da ma'auni na damuwa da ciwon daji, wanda Caryn Lerman da abokan aikinta suka tsara a Amurka a 1991, daga baya masana a Holan suka faɗaɗa shi zuwa tambayoyi takwas. Ana tambayar mutum sau nawa ya ke tunanin zai kamu, ko tunanin yana ɓata masa rai, ko yana hana shi harkokinsa na yau da kullum, ya zaɓi amsa cikin matakai huɗu, a haɗa maki. An yi amfani da irin wannan ma'auni a binciken IMPACT, wanda Rosalind Eeles ke jagoranta daga London, inda a ke yi wa maza 'yan shekara 40 zuwa 69 gwajin jini na PSA kowace shekara don neman alamar dajin furostet. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna masu aibin, musamman na BRCA2, sun ɗan fi waɗanda ba su da shi maki, amma galibinsu damuwarsu ba ta kai ta a nemi magani ba. Waɗanda ta yi wa yawa kaɗan ne, mafi yawansu kuma dama can masu yawan damuwa ne.

Mai karatu zai iya cewa to, magana ta ƙare, maza ba su damu ba. Sai dai a duba tambayoyin: dukansu a kan jikin mai amsawa su ke. Inda aka zauna da maza aka bar su suka yi magana da bakinsu, wani abu daban ya fito. A 2000 Alexander Liede da abokan aikinsa suka tambayi maza 59 masu aibin a Kanada da Amurka, babban dalilin da ya kai su gwaji shi ne 'ya'yansu mata. Nina Hallowell, wadda ta yi hira da maza a Ingila ta buga a 2005 da 2006, ta tarar suna ɗaukar gwajin a matsayin hakkin iyali da ke wuyansu, suna kuma kokawa da tunanin laifi: waɗanda aka samu da aibin su kan jingina al'amarin ga ƙaddara don su sauke wa kansu nauyi, waɗanda ba a samu ba su kan ce da an samu da sun zargi kansu. A Norwe, binciken Nina Strømsvik na 2010 ya nuna mazan suna jin nauyin tayar da zancen gaban maza 'yan'uwansu, sun fi faɗa wa mata.

A nan Hausa tana da abin da za ta ba da, domin ta rarrabe abin da ma'aunin ya haɗe. "Damuwa" kalma ce mai faɗi, daga "dama" ta fito, kamar yadda a ke dama fura. Wanda ya damu, hankalinsa ne aka gauraya, ko da me. "Tsoro" yana bukatar abin tsoro da a ke iya nunawa. "Fargaba" faɗuwar gaba ce, ta kan zo farat ɗaya ta wuce, kamar ranar da za a je karɓar sakamakon gwaji, ko ranar da mutum ya shafa ƙirjinsa ya ji ƙullutu. "Zullumi" kuwa ba ya faɗar da gaba, zama ya ke yi. Tunani ne mai nauyi a kan abin da ke tafe wanda ba a san yadda zai kasance ba, kuma mutum yana iya yin kasuwancinsa, ya koyar da darasinsa, ya yi dariya da abokai, zullumin na nan. Tambayar da ta ce "ko tunanin yana hana ka aiki" fargaba za ta kama, da damuwa mai tsanani. Zullumin uba zai ratsa ta ya wuce ba a gan shi ba.

Tsarin likitanci kansa yana tsawaita wannan zullumi, ko da ya ke da kyakkyawan dalili. Ba a yi wa yara gwajin BRCA, sai sun balaga sun zaɓa da kansu, domin ba abin da za a yi musu tun suna ƙanana. Duba nonon mace mai aibin ba ya farawa sai ta kai shekara 25 a Amurka, ko 30 a Ingila. Uban da aka gaya wa sakamakonsa 'yarsa tana 'yar shekara takwas, zai yi shekara goma ko fiye yana riƙe da labarin da ba ya iya tabbatarwa, ba ya iya kawarwa, yana lissafin ranar da zai faɗa mata da kalmomin da zai faɗa. Mai 'ya'ya mata uku, yiwuwar dukansu su tsira ɗaya ce cikin takwas.

Akwai kuma abin da Bahaushe ke kira "yin ta maza", watau a cije a daure. Mutumin da ya ga ciwon ya kashe uwarsa, an yanke wa 'yar'uwarsa nono, ya kan ga bai da bakin kuka da nasa kashi 7 cikin 100. Sai ya zama mai rakiya asibiti, mai biyan kuɗin magani, nasa jikin ya sa shi a baya. Illar wannan ita ce, damuwa madaidaiciya ita ke kai mutum gwaji. Wadda aka danne ba ta kai kowa ko'ina. Ga shi kuwa gwajin yana da amfani. Cikin maza kusan 3,000 na ƙasashe 20 da IMPACT ya bi, kashi 77 cikin 100 na dajin furostet da aka gano ga masu aibin BRCA2 irin mai bukatar magani ne, ga waɗanda ba su da aibin kuwa kashi 40. Don haka aka ba da shawara mai aibin BRCA2 ya fara gwajin PSA tun yana shekara 40. Likitocin Amurka sun ƙara da duba ƙirji daga shekara 35. Mai ciwon Lynch ana leƙa hanjinsa da na'ura duk shekara ɗaya ko biyu tun yana saurayi, a cire tsiro kafin ya rikiɗa, binciken John Burn na Newcastle kuma ya nuna asfirin yana rage masa haɗari. Tun 2020 ma akwai magani, olaparib, da aka amince da shi a Amurka ga dajin furostet da ya bazu a jikin masu irin wannan aibi.

Idan za a faɗe shi da Hausa

Kada a zaci al'amarin na Turawa ne kaɗai. A 2018 Olufunmilayo Olopade da Mary-Claire King da abokan aikinsu suka buga sakamakon gwajin mata 1,136 masu dajin nono a Ibadan: kashi 14.7 cikin 100 sun gaji aibi, 7.0 a BRCA1, 4.1 a BRCA2. Kowace ɗaya daga cikinsu ta gada ne daga uwa ko daga uba, 'yan'uwanta maza da 'ya'yanta maza kuma rabi da rabi ne. Dajin furostet shi ne ya fi kowane daji kama maza a Nijeriya. Malamin da ke koyar da ilmin lafiya ko fassara a kwalejin horon malamai zai gamu da zancen nan, kalmomin da ke hannunsa kuwa kowace da tarkonta.

Sunan ciwon tukuna. "Daji" ya zo da tsohuwar fahimta tasa, har da cewar da a ke yi wai daji ba ya son allura ko ƙarfe, abin da ya kan tsare mara lafiya a gida har lokaci ya ƙure. "Sankara" fataken goro sun san ta, ita ce ɓarnar da ke cin goro ta ciki alhali bayansa na da kyau, siffar kuwa ta dace. "Kansa" aro ce, ba ta ɗauke da kayan kowa, amma ba ta bayyana kome. Mafi muni shi ne sunan furostet. Kafofin labarai sun saba cewa "dajin mafitsara", alhali mafitsara jakar fitsari ce, tana da nata dajin daban, mata ma suna da ita. Mutumin da aka ce masa ubansa ya mutu da dajin mafitsara ba shi da hanyar sanin wanne a ke nufi, ga shi kuwa amsar ce ke nuna ko akwai abin bincike a gidan. Gara a ari "furostet" a bayyana ta sau ɗaya.

Sa'an nan "gado". Kalmar ta dace, tun da Bahaushe ya san gadon sana'a da gadon hali da gadon kama. Amma a kunnen mai sauraro tana tafe da rabon dukiya, inda namiji ke ɗaukar ninkin rabon mace, da kuma tunanin cewa ɗa uba ya ke gada, 'ya kuma uwa. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu iya magana. Ƙwayar gado ba ta san wannan ƙa'ida ba. Ɗa yana gadar aibin daga uwarsa, 'ya tana gadarsa daga ubanta, rabonsu kuma daidai wa daida.

Tarko na uku shi ne sikila. Ita ce ciwon gado da jama'a suka fi sani, tun ba yanzu ba da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Mutane sun koyi cewa mai AS lafiyarsa lau, sai biyu sun haɗu a ke haifar mai SS. Wanda ya ɗauki wannan darasi ya ɗora a kan BRCA zai yi kuskure biyu: zai zaci shi kansa ba ya cikin haɗari, zai kuma zaci in matarsa ba ta da aibin 'ya'yansa sun tsira. A nan uba ɗaya ko uwa ɗaya ta isa. Haɗuwar biyu tana da nata sha'ani dabam, domin yaron da ya gaji aibin BRCA2 ta wajen uwa da ta wajen uba ya kan kamu da mugun ciwon jini da daji tun yana ƙarami, abin da ya kamata gidajen da ke auren zumunta su sani. Lafazin "mai ɗauke da" ma abin gudu ne. An saba jin sa wajen cututtuka masu yaɗuwa, "ɗauka" kuma ita ce kalmar kamuwa daga wani. Uban da ke tsoron a guji 'ya'yansa mata wajen aure ba ya bukatar kalmar da za ta sa a zaci abin ana shafarsa. "Ya gaji aibin" ya fi tsabta.

"Haɗari", wadda aka aro daga Larabci, tana nufin abin da ke iya halaka mutum, ko karon mota. Ba ta saba ɗaukar awo ba, shi ya sa "haɗarin kashi 7" ba ya zama a kunne. In aka ce "cikin maza ɗari irinka, bakwai za su kamu, casa'in da uku ba za su kamu ba", an faɗi abu ɗaya, an kuma faɗi rabin da ke kwantar da rai. Malami zai iya cin moriyar 'yar'uwarta a lafazi, "hadari", wadda ƙugiyar harafi ɗaya ta raba su: hadari ya kan haɗo ya yi baƙi, wani ya zubar da ruwa, wani iska ta watsa shi, mai shanya dai ya kan kwashe kayansa.

Nahawu ma yana da nasa. "Zai kamu" yanke hukunci ne, "yana iya kamuwa" shi ne daidai. Hausa tana da wani lokaci mai zuwa na biyu wanda ke nuna tsammani, inda "ya" ke da faɗaɗɗen sauti, kamar a ce "in bai kula ba, ya kamu". A baki ba a ruɗewa. Amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka a takarda "ya kamu" na tsammani da "ya kamu" na abin da ya riga ya faru kamarsu ɗaya. Mai rubuta takardar faɗakarwa da za a karanta wa mutum cikin fargaba, lalle ya kauce wa wannan siga.

Gwajin ƙwayar gado yana da tsada a ƙasar Hausa, wuraren yinsa kuma kaɗan ne. Abin da ke hannun kowa shi ne tarihin dangi, irin wanda Warthin ya rubuta da alƙalami kawai. Alamomin da likita ke nema sanannu ne: dajin nono kafin shekara 50, dajin gidan ƙwai, dajin nono ga namiji ko da guda ɗaya ne, dajin furostet da ya bazu, dajin hanji ko mahaifa ga mai ƙuruciya, ko mutum biyu uku a ɓangare ɗaya na dangi. A wannan wuri Hausa ta fi Turanci kayan aiki, domin inda Turanci ke da kalma ɗaya ga 'yar'uwar uba da 'yar'uwar uwa, Hausa tana da gwaggo tana da inna, tana da baffa tana da kawu. Tambayar "akwai mai ciwon nono a danginku" ta kan kai tunanin mutum ga uwa da inna. Aibin da ya bi ta maza kuwa yana iya ratsa kaka da uba shiru, ba wanda ya kamu, sai a jikin gwaggo a ke ganin sawunsa. Don haka sai a tambaya da suna: me ya yi ajalin gwaggo, tana da shekara nawa, uwar uba fa?

Amsar ba kullum ta ke wurin namiji ba. Kunya ba ta barin ɗa ya san ciwon da ke nonon uwarsa, sau da yawa abin da aka gaya masa shi ne ta yi jinya ta rasu. Kunyar nan kuma ita za ta tsaya tsakaninsa da 'yarsa, balle in 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ya faɗa. Amma tsarin zumuncin da ya rufe wannan ƙofa ya bar waɗansu a buɗe. Tsofaffin matan gida su suka yi jinyar, su suka yi wankan gawa, sun san abin da suka gani. Kaka tana wasa da jikanta namiji, ba abin da ba ta iya gaya masa. Gwaggo kuma, wadda ita ma rabi da rabi ce a gadon, ita ce al'ada ta ba bakin yi wa 'yar ɗan'uwanta maganar jiki da ta aure.